Kwamfutar da Aka Ɗaure da Zane

A unguwar Gumbihini da ke Tamale, idan ka bar kwalta ka bi layin da ya gangara bayan injin niƙa, za ka tarar da wani ƙaramin shago a gindin bishiyar nim, wato darbejiya. Ba shi da allon suna. An taɓa rubuta wani abu a jikin ƙofar da shuɗin fenti, amma ruwan damina ya yi ta lasa har ya tafi, mai shagon kuma bai ga dalilin sabuntawa ba. Wanda yake nemansa ya san hanya.

Malam Mutawakil ke nan, mai gyaran tsofaffin kwamfutoci. Ya ba wa sittin baya da 'yan shekaru. Siriri ne, ba ya ɗaga murya, kuma tabarau biyu gare shi, ɗaya na ganin mutane, ɗaya na ganin aiki. Na aikin ya fi daɗewa a fuskarsa.

Mahaifinsa daga wajen Gaya ya taso, ya biyo fataken goro, ya sauka a Tamale da niyyar hutawar mako guda, a nan kuma aka binne shi bayan shekara arba'in. A Zongo aka haifi Mutawakil. Ya yi karatun allo, ya yi na boko har midil, daga nan aka kai shi wajen wani mai gyaran rediyo a kasuwar Aboabo. A can ya koyi riƙe ƙarfen darma ba tare da ya ƙona yatsa ba, ya kuma koyi gane abin da ya ƙone a cikin na'ura da hanci tun kafin ido ya gani.

Da ƙungiyoyin agaji suka fara cika garin, sai ga kwamfutoci sun biyo su. A lokacin, idan ɗaya ta mutu, sai a ɗora ta a mota a kai Akra, a zauna jiran wata biyu. Wata rana wani direba ya gaji da wannan tafiya, ya sauke masa ɗaya a kan tebur ya ce ya duba, in ta ƙi ba laifinsa ba ne. Mutawakil ya yi bismilla ya kwance kusoshi. Ya daɗe yana kallon cikin. Daga baya ya gaya wa mutane cewa abin da ya gani ɗan'uwan rediyo ne, sai dai ya fi shi girman kai. Tun daga ranar bai koma kan rediyo sosai ba.

Yanzu zamani ya wuce shi, ya kuma sani. Samari sun cika bakin titi da tebura suna gyaran wayoyi, shi kuwa ya tsaya a inda yake. Amma bai rasa masu zuwa ba. Akwai wani mai ɗab'i a Nyanshegu wanda injinsa ba ya jin maganar kowace kwamfuta sai wata tsohuwa mai launin ƙasa. Akwai masu injin surfani da ke yi wa riguna aikin wuya, su ma tsofaffin suke amfani da su. Irin waɗannan mutane idan na'urarsu ta kwanta, sana'arsu ce ta kwanta, sai su ɗaure ta a bayan babur su gangaro layin.

Cuta ɗaya ce take kashe yawancinsu. A cikin kowace tsohuwar kwamfuta akwai wani ɗan batir kamar gaɓar ɗan yatsa, a manne da koren allon da ke ciki. Aikinsa riƙe lokaci idan an kashe wuta. Idan aka ajiye na'urar shekaru ba a kunna ba, sai batirin ya tsufa ya fara yoyo. Ruwan ba shi da yawa, ba ya ƙara, ba ya wari sosai. A hankali yake rarrafe, yana bin siraran jijiyoyin jan ƙarfe da ke kwance a kan allon, yana cinye su, yana barin wani farin gari da koren tsatsa a bayansa. Daga waje akwatin yana nan fes. Sai an buɗe.

Saboda haka duk wanda ya zo karɓar kayansa, Malam Mutawakil yakan raka shi bakin ƙofa da magana ɗaya: "In za ka ajiye ta, kawo in cire maka batirin tukuna." Ya faɗi wannan ga mutane da yawa. Ya faɗa a Hausa, ya faɗa a Dagbanci, ya faɗa a Turanci.

To, a gidansa, a lungun ɗakin da yake kwana, tsakanin bango da akwatin tufafi, akwai wata kwamfuta a tsaye a kan gefenta, an naɗe ta da zanen mace mai ruwan ɗorawa, an ɗaure da igiya. Shekara ashirin da biyu tana nan.

Ta matarsa ce, Fadilatu. 'Yar Kukuo ce, Badagomba, iyayenta manoma ne a gefen gari. Ya fara ganinta a ƙarƙashin wata rumfa kusa da gidan waya, tana buga wa mutane wasiƙu da tafireta. Yakan ce ƙarar yatsunta ce ta tsayar da shi, don bai taɓa jin mai bugu da sauri haka ba. Ribon ɗin tawadar injinta ne ya maƙale wata rana, ya gyara mata, ya kuma ci gaba da wucewa ta wurin ko da babu abin da ya maƙale. Danginsa sun ɗan yi gunaguni, nata ma haka, daga baya kowa ya ci shinkafar biki ya yi shiru.

Bayan haihuwar 'yarsu Samiha, wata ƙungiya ta tattara za ta bar gari, ta ba shi tsohuwar kwamfuta guda cikin kayan da ba za su ɗauka ba. Ya gyara ta ya kai wa Fadilatu. Ta ajiye tafireta, ta koma buga takardun neman aiki da katin biki a zauren gida. Wata rana da la'asar ya zo da ɗan makirfo da ya tsinta cikin tarkace, ya jona, ya ce ta zo su gwada ko na'urar za ta ɗauki murya. Ta ɗauka. Suka saurara sau ɗaya, suka yi dariya, ta koma kan aikinta. Ba wanda ya sake tunawa da abin. Mutum ba ya adana muryar wanda yake ji kullum.

Samiha na da shekara huɗu Fadilatu ta kwanta da zazzaɓi. Kwana shida ta yi.

Da aka zo rabon gado, Afa na unguwa, wato malamin da ya yi musu rabon, ya sa kwamfutar a kason yarinya. Ya dubi Mutawakil ya ce, "Wannan ta marainiya ce, a hannunka amana. Ka ɗaure ka ajiye. Kada hannu ya taɓa ta sai ta girma ta ce ga abin da take so." Mutawakil mutum ne da ba ya wasa da irin wannan magana. Ya ɗauki zane ɗaya daga waɗanda ba a rabar ba, ya naɗe na'urar, ya ɗaure, ya jingina ta a lungu a tsaye don akwati ya samu wuri. Ba haka Afa yake nufi ba, da an tambaye shi. Kwance kusoshi huɗu a cire ɗan batir ba cin dukiyar maraya ba ne. Amma ba a tambaye shi ba. Kuma wataƙila akwai wani dalilin da ya sa mutumin bai so ya buɗe akwatin da yatsunta suka saba taɓawa ba. Wannan shi ya sani.

Bai sake aure ba. 'Yan'uwansa mata sun kawo maganar sau da yawa, yana cewa to, su tafi, maganar ta kwanta. Ƙanwarsa ce ta taya shi rainon Samiha har ta girma, ta yi karatun jinya, ta yi aure a Kumasi. Lokacin bikinta ya nuna mata ƙunshin ya ce ga kayanta. Ta yi dariya ta ce, "Baba, me zan yi da wannan? Wayar hannuna ta fi ta ƙarfi sau dubu. Ka ajiye mini." Ya ci gaba da ajiyewa.

A daminar bara ne, wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Samiha ta kira shi. Suna cikin gaisawa sai 'yarta Farhana, mai shekara uku, ta fashe da dariya a kusa da wayar.

"Kin ji," in ji shi, "dariyar kakarta ce sak."

"Da gaske, Baba? Haka Mma take dariya?"

"Haka."

"Muryarta fa? Siririya ce ko mai kauri? Ni ban tuna komai ba. Fuskarta ina gani a hoto, amma ban san yadda take magana ba."

Ya laluba a ransa. Yana da kalmominta, ya san abin da takan ce idan ya dawo a makare, ya san yadda take ƙorafin hayaƙin darma a rigarsa. Amma da ya nemi sautin a cikin kansa, muryarsa ce take faɗin maganganun nata. Bai san lokacin da muryarta ta fice masa ba. Ko dariyar da ya ce sak ce, ya ga ba zai iya rantsewa a kai ba.

"Baba? Kana ji na?"

"Ina ji. Layin ne."

Ya kwana biyu yana zagaya maganar. A rana ta uku ya kira ta da safe.

"Samiha, izini nake nema. Ina so in kwance kayanki."

"Wane kaya kuma?"

"Kwamfutar mahaifiyarki. Akwai muryarta a ciki. Kaɗan ce, amma akwai."

Ta ce, "Baba, shekara ashirin kana da wannan, kuma izini kake nema?"

"Taki ce."

"Na ba ka. Na ba ka tun jiya. Don Allah ka buɗe."

Ya ɗora ƙunshin a bayan babur ɗinsa ya kai shago. Maƙwabcinsa Yidana, bakaniken babura, wanda suka yi shekara talatin suna shan inuwar bishiya ɗaya, ya ɗago kai daga ƙarƙashin wani babur.

"Dasiba, Masta," ya yi masa ina kwana da Dagbanci.

"Naa."

"Wannan kuma wane ne ya mutu ka ɗauko gawa da zane?"

Mutawakil ya sauke ƙunshin ya shige shago. Yidana ya dubi zanen da kyau, ya goge hannunsa a jikin wando, ya biyo shi cikin shagon ba tare da ya ƙara tsokana ba. Ya san matar. Shi ya tuƙa motar da ta kawo ta daga Kukuo ranar tarewa.

Igiyar ta bushe har sai da aka sa wuƙa. Mutawakil ya ninke zanen ya ajiye gefe, ya canza tabarau, ya kwance kusoshi huɗu, ya ɗaga murfin.

Ya ga irin wannan sau ɗari, amma a kayan wasu. Batirin ya kumbura ya yi furfura. Koren tsatsa ya bazu a kusurwar allon kamar gansakuka a bakin randa. Wannan bai dame shi sosai ba, domin murya ba a allon take ba, tana cikin faifan ajiya, wani ɗan akwatin ƙarfe kamar tafin hannu, kuma ana iya ciro shi a jona a wata na'urar. Sai dai kwamfutar an yi ta ne don ta kwanta, shi kuwa a tsaye ya ajiye ta. Ruwan bai tsaya inda ya saba tsayawa ba. Ya gangaro ƙasa, ya sami faifan, ya kwanta a kan ɗan ƙaramin allon da ke manne a cikinsa.

Yidana ya leƙo. "Ya ci shi?"

"Ya ci."

"Kai fa kake gaya wa duniya a cire batir."

"Ni ne."

"Hm. Ni ma birkin babur ɗina ba ya kamawa. Wata uku ke nan." Ya ja benci ya zauna. "To, ba za ka samu irin ƙaramin allon a cikin bolar nan taka ba? Ka tara tarkace kamar mai jiran yaƙi."

Ya duba. Kwana biyu yana zazzage kwalaye. Ya aika tambaya wajen wani abokin sana'a a Kumasi, ya aika Akra. Babu irinsa. Masu sayen ƙarfe sun riga sun farfashe na zamaninsa tun tuni. In za a ji muryar, sai dai wannan allon da ya ruɓe shi zai tashi.

Ya fara da abin da ya saba. Ya datse batirin ya jefar. Ya ciro ɗan allon daga jikin faifan, ya tsoma tsinken auduga a ruwan khal ya ɗiga a kan koren. Wurin ya yi ta fitar da ƙananan kumfa. Yakan gaya wa mutane cewa wannan kumfar faɗa ce tsakanin ruwa biyu, kuma sai ta lafa ake sanin an kashe dafin. Ya goge da tsohon buroshin haƙori, a hankali, kamar mai wanke wa jariri kai. Ya ɗauraye, ya bi da sifirit, ya ɗora a kan takarda kusa da taga. Da rani ne, yini ɗaya ya isa. Amma sama ta yi ta zuba, iska ta jiƙe, sai da ya jira kwana uku.

Samiha tana kira kullum. Ba ta tambaya kai tsaye. Sai ta tambayi lafiyarsa, ta tambayi ruwan sama, ta tambayi ko ya ci abinci, sannan a ƙarshe ta ce, "Babu labari?" Shi kuma ya ce, "Tana bushewa."

Da ya bushe ya sa gilashin ƙara girma ya ga iyakar ɓarnar. Jijiyoyi bakwai sun yanke. Ƙafafu uku na wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu da yawa sun cinye har kusan gindi. Ya bi kowace jijiya da mitar gwada wuta, daga inda ta taso zuwa inda ta nufa; inda mita ta yi kuka, hanya na nan, inda ta yi shiru, ta yanke. Ya zana su a bayan wani tsohon kalanda. Ya warware wayar wata tsohuwar lasifika ya zaro silin jan ƙarfe, kowanne bai kai kaurin gashi biyu ba. Da su zai yi gada a kan kowane yanki.

A nan ne ya gane hannunsa ba na da ba ne. Ya daɗe yana lura da ɗan rawar da yake yi, amma a manyan alluna ba ta hana shi aiki. Nan kuwa tsakanin ƙafa da ƙafa bai wuce bakin allura ba. Idan darma ta haɗe biyu aka ba da wuta, abin zai ƙone, kuma babu na biyu.

Ya lura hannun ya fi natsuwa da hantsi, bayan ya sha koko, kafin rana ta yi zafi. Sai ya mai da aikin na wannan lokacin kawai. Gada ɗaya a rana, wani lokaci biyu. Sauran yinin ya yi na mutane. Yidana da kansa ya daina tayar da injin babur a wannan sa'ar, in mai babur ya matsa masa sai ya ce, "Jira, Masta yana tiyata."

A rana ta biyar, a kan ƙafa ta biyu, hannun ya kufce. Darma ta zube ta haɗe ƙafafu uku wuri ɗaya. Mutawakil ya ajiye ƙarfen, ya cire tabarau, ya fita ya zauna a gindin bishiya.

"Ya lalace?" in ji Yidana.

"Bai lalace ba tukuna. Sai in tsotse darmar in sake. Amma duk zafin da na ƙara masa, ƙafar na ƙara raguwa."

"Ka kai wa yaran nan masu waya mana. Idonsu kamar na shaho, hannunsu ba ya rawa."

"Za su hura masa iska mai zafi su narkar da shi. Ba su san tsoho ba."

"Su kuma sun ce kai ba ka san sabo ba. Kun yi daidai." Yidana ya ɓalle goro ya miƙa masa rabi. Suka tauna. Can ya ce, "Ni na tuna muryarta, ka sani. Lokacin da take kore ni in na zo cin tuwo ba gayyata."

Mutawakil ya juyo da sauri. "Yaya take?"

Yidana ya ɗaga kai sama. Ya sosa ƙeya. "Tana da... ka san dai. Irin ta mata." Ya tofar da goro. "Kai, Masta, tafi ka gyara abinka."

Washegari ya ɗora hannun damansa a kan wani ɗan buhun yashi da ya ɗinka, don ya samu madogara. Ya riƙe numfashi a kan kowace taɓawa. Kwana huɗu ya ƙara. Da ya gama, ya bi komai da mita sau uku, duk inda ya kamata ta yi kuka ta yi, duk inda ya kamata ta yi shiru ta yi. Allon ya yi muni, kamar rigar da aka yi wa faci da zare daban-daban. Ya mayar da shi jikin faifan.

Yana da wata tsohuwar kwamfuta sa'ar wannan wadda yake gwaji da ita. Ya jona faifan a cikinta. Ya ƙi kunnawa ranar, don an yi ta ɗauke wuta ana kawowa. Ya bari sai da safe ta gaba, da wutar ta tsaya. Yidana ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa da sifana a hannu.

Ya yi bismilla ya danna.

Fanka ta tashi. Faifan ya yi wani ɗan gurnani, ya yi shiru. Ya sake, ya yi shiru. Ba ya juyawa.

"Shi ke nan?" Yidana ya tambaya ƙasa-ƙasa.

Mutawakil ya kashe. Ya san wannan ma. Faifan da ya daɗe a kwance yakan manne a ciki. Ya ciro shi, ya riƙe a tafin hannu a kwance, ya murɗa wuyan hannunsa sau ɗaya, da sauri, kamar mai buɗe murfin kwalba. Sau ɗaya ake yi. In ya yi yawa, abin da ke ciki ya karce. Ya mayar ya sake dannawa.

Wani siririn sauti ya taso, yana hawa yana hawa, har ya daidaita. Sai ƙas-ƙas-ƙas. Rubutu ya cika gilashi.

Ga takardunta nan a jere, yadda ta bar su. Neman aikin gadi. Katin suna. Wasiƙa zuwa ga wani ɗa a Obuasi. Bai tsaya karantawa ba, don bai san minti nawa facin zai ɗauka ba. Ya gangara har ya sami wanda ya sa wa suna GWAJI da hannunsa. Ya kwafe shi zuwa faifan kwamfutar gwajin, ya sake kwafewa a wani wurin. Sai a lokacin ya jingina da kujera. Rigarsa ta jiƙe da gumi.

Yidana ya juya zai fita.

"Zauna," in ji Mutawakil.

"A'a. Wannan naka ne." Ya ja ƙofar a bayansa.

Daƙiƙa ashirin da bakwai ne duka. Ya saurara sau ɗaya. Sannan ya ɗauki waya ya kira Kumasi.

"Kina wurin aiki?"

"Ina hutu, Baba. Me ya faru?"

"Nemi wuri mara hayaniya."

Ya ji takunta, ya ji an rufe ƙofa. Ya kanga wayar a bakin lasifika ya danna.

Da farko shuuu, kamar ruwa a kan kwano. Sai muryar wani saurayi, mai sauri, cike da jin daɗin kansa: "Yauwa, ya fara. Matso kusa. A'a, ba haka ba, kada ki hura a ciki. Kin ga wannan layin da yake motsi? Shi ne alamar yana ɗauka. Duk abin da kika faɗa yanzu yana shiga, ko tari kika yi. Turawa da wannan suke..." Sai dariyar mace ta katse shi, gajeriya, mai ɗan kauri, daga can ƙasan maƙogwaro. Sannan ta ce, "Baban Samiha, ka bari mana ni ma in faɗi nawa." Saurayin ya ce, "Tsaya in ga ko ya ɗauka." Ƙit. Shi ke nan.

Sai ya ji tana jan hanci.

"Baba, wane ne wannan mai surutun?"

"Ni ne."

"Kai? Kai kake magana haka?" Tana dariya tana kuka lokaci ɗaya. "Ka cinye mata duka!"

"Na cinye."

"Muryarta da kauri. Ban zata ba. Na ɗauka siririya ce."

"Ni ma haka na ɗauka," ya ce.

"Ta faɗi sunana, Baba. Ka ji? Ta faɗi sunana."

"Na ji."

A waje Yidana ya tayar da wani babur, ya sake kashewa.

"Me take so ta faɗa?" in ji Samiha. "Da ka tsayar, ta faɗa maka daga baya?"

Ya dubi gilashin. Ya yi ƙoƙarin komawa wannan la'asar ɗin, zauren, tabarmar, yarinya a bayanta. Ya tuna ya juya baya yana duba ko ya ɗauka. Bai tuna ya juyo ya tambaye ta ba.

"Ban sani ba," ya ce. "Na ɗauka akwai lokaci."

Can ta ce, a hankali, "Sake sa mini."

Ya gyara wayar a bakin lasifika, ya matso da kujerarsa kusa, ya danna. Suka bi ta cikin surutun saurayin nan su biyu, suna jiran ya yi shiru.